Makon Jarrabawar Kurata a Lucknow

Juma'a, 16 ga Fabrairu 2024

Bayan sallar Juma'a na raka ɗan ƙanin maigidan da nake haya a gidansa tashar jirgin ƙasa ta Charbagh, zai tafi zana jarrabawa. Ba masaka tsinke. Samari sun shimfiɗa jaridu a daɓe sun kwanta, jakunkuna a ƙarƙashin kai, wasu na bitar lissafi a waya. Gobe da jibi ake jarrabawar ɗaukar kuratan 'yan sandan jihar Uttar Pradesh. Gurabe 60,244, masu nema sun haura miliyan 4.8, kusan mutum 80 ke nan a kan kaki ɗaya. Rabon jihar da buɗe irin wannan ƙofa tun 2018, shi ya sa a watan Disamba, da matasa suka yi ta ƙorafin shekarunsu sun wuce suna jira, gwamnati ta ƙara wa kowa shekara 3 a kan iyakar da aka gindaya.

Maigidan, wanda nake kira Chacha, yana sana'ar surfanin hannu irin na garin nan. 'Yarsa ta fari ma za ta zauna jarrabawar. Da dare ta nuna min sanarwar hukumar ɗaukar aikin, ta ja layi da biro a ƙarƙashin rabon: gurabe 24,102 buɗaɗɗu, 16,264 na al'ummomin da aka bari a baya, waɗanda ake kira OBC, 12,650 na Dalit, waɗanda tsarin gado ya ajiye a ƙasan kowa, 1,204 na ƙabilun asali, 6,024 na matalauta daga cikin waɗanda ba su da kaso. Ban da haka, kashi 20 cikin ɗari na mata ne.

"Bhaiya, kai da kake karatun lauya," ta ce, "idan na ci maki mai yawa, a wane layi za a sa ni?"

Na ce ta kwanta, gobe jarrabawa.

Asabar, 17

Chacha ya kai 'yarsa a babur tun da sanyin safiya. Tambaya 150, maki 300, awa 2, kuma duk amsar da ka kuskure a zabge maka rabin maki. A bakin ƙofa ana duba zanen yatsa saboda 'yan sojan gona da ake biya su rubuta wa wani. Ta dawo da fara'a, lissafi ne kawai ya ɗan ba ta wuya.

Abin dariyar yau: a gundumar Kannauj an ga katin shiga jarrabawa da suna da hoton jarumar fim Sunny Leone. Duk shagon shayin unguwarmu maganar ke nan.

Lahadi, 18

Dariyar ta koma ciki. Tun da rana hotunan takardu rubutattu da hannu ke yawo a Telegram da WhatsApp, ana cewa amsoshi ne da suka fita kafin a shiga ɗaki. Hukumar ta ce 'yan damfara ne ke gyara tsoffin saƙonni a Telegram don su zama kamar an tura su kafin lokaci. 'Yan sanda kuma sun ce sun kama mutum fiye da 200 kan sojan gona da maguɗi. Ɗan ƙanin Chacha ya iso gida bayan isha, a tsaye ya yi tafiyar gaba ɗaya. Ko abinci bai taɓa ba.

Litinin, 19

Na je Gomti Nagar, inda reshen Lucknow na Babbar Kotun Allahabad yake, wajen wani dattijon lauya da nake ɗaukar darasi a ofishinsa. Rabin fayilolin da ke kan kantarsa na ɗaukar aikin gwamnati ne. Na maimaita masa tambayar yarinyar.

"Beta, a kan wannan tambayar kaɗai mutane sun tsufa a kotu," ya ce, ya miƙo min hukuncin da aka sani da sunan Saurav Yadav.

Ga yadda abin yake. A 2013 jihar nan ta buɗe ɗaukar kurata 41,610. Wata 'yar OBC ta samu maki 276.59. Mace ta ƙarshe da aka ɗauka a buɗaɗɗun gurabe kuwa 274.89 gare ta. Aka ɗauki mai ƙaramin maki, aka bar mai babba a gida. Hujjar gwamnati ita ce kason mata daban yake da kason al'umma: namijin OBC da ya yi zarra yana iya tsallakawa buɗaɗɗen layi, amma mace dole ta tsaya a layin matan al'ummarta, inda gasar ta fi zafi a wannan shekarar. Babbar Kotun Allahabad da ta Madhya Pradesh sun kasance a kan wannan fahimtar, na Rajasthan da Bombay da Gujarat da Uttarakhand kuma a kan akasinta.

Ranar 18 ga Disamba 2020 alƙalai uku na Kotun Ƙoli, U.U. Lalit da S. Ravindra Bhat da Hrishikesh Roy, suka raba gardama. Buɗaɗɗen gurbi na kowa ne, mace ko namiji, ko daga wace al'umma. Maki ne kaɗai tikitinsa. In an ce wanda ke da kaso ba zai shige shi ba, to an mayar da shi kason manyan gidaje ta bayan fage, abin da sashe na 16 na tsarin mulkin Indiya bai yarda da shi ba.

A ganina kotun ta yi daidai, babu ko tantama. Kaso an yi shi ne don a ɗaga na ƙasa. Ranar da ya zama rufin da ke hana shi miƙewa, an juya manufarsa. Amma na lissafa a yatsa: 2013 zuwa 2020. Na ce da lauyan shekara 7 ke nan. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai wannan ɗaukar aikin ta sha wata doguwar shari'ar ma kan waɗanda suka kankare amsa da reza ko suka shafe ta da farin ruwan gyaran rubutu. Yarinyar da ta shiga jarrabawa tana da shekara 22 ta samu gaskiyarta tana dab da 30, wataƙila da goyo.

Talata, 20

Na yi wa Chacha da 'yarsa bayani a tsakar gida, shi yana ɗinki a kan farin yadi da aka ɗaure a gammon katako. Da na fara kame-kame kan bambancin kason al'umma da na mata, shi ya fitar da ni. Kakanninsa masaƙa ne. Ya ce ai zaren tsaye ne da na kwance: al'ummomi su ne na tsaye, mata kuma zaren da ke ratsa su duka. Haka lauyoyin ma ke kiransu, na tsaye da na kwance.

Sai yarinyar ta kawo tambaya ta biyu. Tunda 'yan OBC da Dalit suna da sassaucin shekara 5, wanda ya ci moriyarsa zai iya shiga buɗaɗɗen layi? A jihar nan eh. Dokar kaso ta 1994, sashe na 3(6), ta ce wanda ya ci da makinsa a gasar kowa da kowa ba za a ƙidaya shi cikin kaso ba, kuma a 2010, a shari'ar Jitendra Kumar Singh, ita ma kan ɗaukar 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta ce sassaucin shekaru ko na kuɗin fom izinin shiga fili ne kawai, ba ƙarin maki ba. A aikin tarayya kuwa, inda ƙa'ida ta hana a rubuce, kotun ta yanke akasin haka a 2017. Mutum ɗaya, maki ɗaya, sakamako biyu, gwargwadon ofishin da ya buga sanarwar.

Wani abu da mai karatu a gida zai so ya sani: iyalin Chacha Musulmi ne, kuma suna cikin OBC saboda asalin sana'arsu. Amma Musulmi ko Kirista ba ya shiga kason Dalit ko da daga can kakanninsa suka fito. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita shi ga Hindu, aka ƙara Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990. Wannan maganar ma tana gaban Kotun Ƙoli.

Laraba, 21

Zazzaɓi. Ban fita ba.

Alhamis, 22

A shagon shayi na yi doguwar muhawara da wani saurayi ɗan gidan Brahmin, wato ɗan manyan gidaje, da ya zauna jarrabawar. Mahaifinsa mai gadi ne. Ya ce shi talauci bai tambayi asalinsa ba, amma ga kashi 60 cikin ɗari an raba, sauran 40 ɗin ma kotu ta ce na kowa ne. Na tuna masa kashi 10 daga cikin 60 ɗin nasa ne, tun gyaran tsarin mulki na 103 a 2019, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar a Nuwamba 2022 da alƙalai 3 a kan 2. Ya yi tsaki. Iyakar shiga wannan kaso kuɗin shigar gida ƙasa da rupi 800,000 a shekara, don haka ɗan mai gadi yana layi ɗaya da ɗan wanda ke samun sama da rupi 60,000 a wata. A nan kam ban iya ja da shi ba.

Inda muka raba hanya shi ne da ya ce 'yar Chacha ce ke cinye masa gurbi. Ko an soke kowane kaso gobe, mutum 79 cikin 80 gida za su koma. Kuma hukuncin Indra Sawhney na 1992, da alƙalai 9 suka zauna, wanda ya amince da kashi 27 na OBC, shi ne kuma ya sa iyakar kashi 50, ya ce a cire masu hali daga cikinsu. Iyakar nan kason su saurayin ne ya tsallake ta, ba na su yarinyar ba.

A hanyar gida na tuna namu. Mu ma muna da rabon daidaito a sashe na 14(3) na tsarin mulkinmu, sai dai namu da jiha da ƙaramar hukuma ake auna shi. Babbar shari'ar da muka yi kan ɗaukar kurata 10,000 na 2019 tsakanin Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ce da Sufeto Janar, kan wa ke da ikon ɗauka, har Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a Yulin 2023. Manya biyu ke jan igiya. A nan kuwa mai nema ce ta riƙo makinta, har da ɗigo biyu bayan lamba, ta kai gwamnati ƙara. Ana buga makin kowa da makin da aka yanke a kowane layi, shi ya sa ƙarar ta yiwu. Wannan ɗabi'ar na yi musu hassadarta.

Juma'a, 23

Yau da ƙarfe 6 na yamma wa'adin da hukumar ta ba masu hujjar fitar tambayoyi ke cika. Ta ce a turo ta imel. Dubban masu nema sun taru a Eco Garden, filin da aka ware wa masu zanga-zanga a garin nan. Na tsaya daga nesa, baƙo ba ya shiga irin wannan. Abin da na lura, ba a raba layi. Mai kaso da marar kaso kwali ɗaya suka ɗaga: a sake jarrabawa. Waɗanda suka tsare su kuwa sanye suke da kakin da suke nema.

Majalisar tarayya ta zartar da dokar hana maguɗin jarrabawa a farkon watan nan, ɗaurin da ya kai shekara 10 da tarar rupi miliyan 10 ga gungun masu sayar da tambayoyi. Ta shafi jarrabawar tarayya ne, wannan kuwa ta jiha ce.

Asabar, 24

Da rana babban ministan jihar, Yogi Adityanath, ya soke jarrabawar baki ɗaya. Za a sake cikin wata 6, motocin gwamnati za su kai masu nema kyauta, an kuma miƙa binciken ga runduna ta musamman. Samari sun yi ta raba alewa a titi.

A gidanmu murnar rabi ce. Yarinyar ta auna amsoshinta da na malamin darasinta tun ranar Litinin, ta san ta yi ƙoƙari, kuma da guminta ta yi. Yanzu an shafe nata tare da na ɓarayi. Na kira lauyan, ya ce wanda ya ci da gaskiya da wuya kotu ta ceto masa sakamakonsa in ba a iya tsame gurɓatacce daga mai kyau ba, kuma tambayar da ta shiga Telegram wa zai ƙidaya idon da ya gan ta? Ya ce in shirya, da zarar an sake aka fitar da sunaye, ƙararraki za su biyo baya: na tsayi, na takardar shaidar al'umma da kwanan watanta bai dace ba, na wanda aka ajiye a layin da ba nasa ba.

Chacha ya ɗauko littafin cinikinsa yana lissafin kuɗin darasi na wata 6. Ɗan ƙaninsa ya ce shi zai koma ƙauye girbin alkama, in an sa rana a kira shi. Yarinyar kuma ta tambaye ni ko takardar OBC da ta karɓo kafin cike fom za ta yi aiki a zagaye na biyu, ko sai ta sake bin layin ofishin gunduma. Na yi mata alkawarin kai wa lauyan kwafin ranar Litinin ya duba.