Ni da Kyamarata a Ƙasar Sarkin Sudan

Duk mai sha'awar ɗaukar hoto yana son karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji, domin ita ce hujjarsa idan aka tambaye shi dalilin yawo cikin rana da jaka a kafaɗa. Ni ma ina son ta. Sai dai shekarun da na shafe ina ɗaukar hotuna a Kontagora da garuruwan da ke kewaye da ita sun nuna mini cewa a wannan harka gani ba ya wadatarwa sai an haɗa da ji. Hoton da ba a rubuta sunan abin da ke cikinsa ba, da wurin da aka ɗauke shi, da ranar, tamkar yaro ne da ya ɓata a kasuwa bai san sunan mahaifinsa ba. Abin da nake son in tattauna da 'yan'uwana ɗaliban harshe ke nan, amma bari in fara da kayan aikin, tunda a kansu aka fi yi mini tambaya.

Ni dai hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Kyamarata ta farko Yashica FX-3 ce, wadda kawuna ya bar mini a shekarar 2006 lokacin da ya daina zuwa ɗaukar bukukuwa. Ta fim ce, mai gilashi guda na 50mm wanda ba ya jawo nesa kusa. Idan kana son abu ya cika hoton, sai dai ka taka da ƙafarka ka matsa. Batirinta ma'aunin haske kaɗai yake kunnawa, saboda haka ko ya mutu kyamarar tana ci gaba da aiki, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ke zuwa lokacin da ta ga dama. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, ga kuɗin saye ga kuɗin wanki, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke an miƙo maka hotunan da dodonsu a cikin ambulan. Wannan tsada ita ta saba mini da tsayawa in yi nazari kafin in danna.

A 2014, da fim ya fara wuyar samu, na sayi Nikon D3100 ta hannu a Kano, mai gilashin 18-55mm. Da ita mutum yana iya ɗaukar hoto ɗari biyar a wuni guda, ya duba nan take, ya goge wanda bai yi masa ba. Duk da haka tarbiyyar Yashica ba ta sake ni ba. Har yau nakan dawo daga tafiyar kwana biyu da hotunan da ba su wuce sittin ba.

Ko ta fim ce ko ta zamani, abubuwa uku ne ke juya kyamara. Na farko shi ne buɗin ido, wato girman kafar da haske ke bi ya shiga, kuma lissafinsa a juye yake: f/4 ya fi f/16 buɗewa. Na biyu shi ne saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kafar ke zama a buɗe. Na uku shi ne ƙarfin jin haske, wanda ake aunawa da lambobin ISO, kamar 100 ko 400. A hawan salla, alal misali, idan mahaya suka sako dawaki domin jahi, sai ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin doki ya fito sarai, in ba haka ba inuwa kawai za ka samu a cikin ƙura. Idan kuwa rana ta take, akwai tsohon lissafin da kawuna ya koya mini: ka sa f/16, sannan ka daidaita saurin ƙiftawa da lambar ISO ɗinka. Da wannan lissafi ko ma'aunin haske ya mutu ba ka rasa hoto.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu mu masu farar riga da baƙar fata. Ma'aunin kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa a matsayin matsakaicin haske. Idan dattijo ya sha farar babbar riga da farin rawani, sai ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta koma ruwan toka, fuskar kuma ta nitse cikin duhu. Maganin abin shi ne ka ƙara haske da mataki ɗaya, ko ka roƙi mutumin ya koma inuwar zaure ko gindin bishiya. Shi ya sa na fi son ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan fuska ta gefe.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, domin da zarar an cire gilashi a fili sai ta shiga ciki, ta bar ɗigo-ɗigo a kan kowane hoto, musamman wajen sararin sama. Saboda haka ba na canja gilashi sai a ɗaki ko a cikin mota an rufe tagogi. Amma hazon nan yana tausasa rana, hoton fuska ya fito da kyau ƙwarai. Da damina kuwa, wadda ta fi ta Sakkwato da Katsina nauyi a wajenmu, laima ce ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, ta yi zare-zare kamar yanar gizo. Nakan ajiye kayana a cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Batir biyu, katin ajiya biyu, tsumma mai laushi da ɗan famfon hura iska, kayan jakata ke nan. Sauran abu guda shi ne littafin aljihu da biro, kuma su ne nake son in daɗe a kansu.

Kyamara ba ta buɗe ƙofar kowa, sallama ce ke buɗewa. A kowane ƙauye na sauka, kyamarar tana cikin jaka har sai na gaida mai unguwa na faɗi abin da ya kawo ni. Akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai gidajen da ba a ɗaukar matansu, kuma duk wanda ya ce a'a, a'ar ke nan. Wata rana a wani ƙauye da ke kan hanyar Rijau na zauna a maƙerar wani tsoho kusan sa'a guda muna hira kafin in nemi izini. Da na gama ɗauka na nuna masa, sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan hoton ya ce, "Yaro, wannan fa, me sunansa?" Na ce, "Baba, ai zuga-zugi ne." Ya ce, "Madalla. To wannan da nake dukan ƙarfe a kai?" Na ce uwar maƙera. Daga nan ya shiga nuna mini masaɓa da awartaki da sauran ƙananan kayan da ke zube a ƙasa, yana faɗin sunan kowanne da aikinsa, ina rubutawa. Da zan tashi ya ce, "Ka riƙe takardar nan da kyau. Jikokina duk acaɓa suke yi, babu mai tambaya ta."

Hoton wannan maƙera yana da kyau, amma shafuka uku da na cika a ranar sun fi shi daraja a wurina. Nan da shekara hamsin wanda ya kalli hoton kaɗai ƙarafa zai gani a zube. Wanda ya haɗa da littafin zai san sunan kowanne, da wanda ya faɗa, da garin da ake faɗin haka. Ɗalibin da ya yi darasin karin harshe ya san muhimmancin wannan. Abin da wani ke kira rumbu, wani zai ce maka in na laka ne rufewa ce, rumbu na kara ne ko na ciyawa. Haka kayan doki suke: sirdi da likkafa da linzami kowa ya san su, amma matasa nawa ne za su bambance jalala da majayi? Bugu da ƙari, ƙasar Kontagora ba ta Hausawa da Fulani kaɗai ba ce. Akwai Kambari da Dukawa da Kamuku, waɗanda da yawansu ke jin Hausa a matsayin harshe na biyu. Idan na ɗauki kayansu nakan rubuta sunan da Hausa, sannan in roƙe su su faɗa mini da harshensu, in rubuta gwargwadon yadda kunnena ya ji.

Mai karatu zai iya cewa ina gaggawar take, tunda abubuwan suna nan. To, ba sa zama. Na je New Bussa na ɗauki tafkin Kainji, ruwa shimfiɗe iya ganinka. A ƙarƙashinsa tsohon garin Bussa yake, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806. Da aka kammala madatsar ruwan a 1968, garin da tsibirai da ƙauyuka masu yawa suka nitse, aka sake wa mutanensu matsuguni. Wanda yake son ya ga tsohon garin a yau, sai dai ya nemi hoto ko ya nemi tsoho. Mu ma a gida, Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora wajen 1864, Turawa suka ci ta a 1901 zamanin ɗansa Ibrahim. Yawancin hotunan Arewa na farkon zamanin Turawa su ne suka ɗauka, su ne kuma suka rubuta bayanin da ke ƙasa. Sau da yawa za ka ga an rubuta sunan jami'in Bature cikakke, mutanen da ke tsaye a gefensa kuwa ba su da suna. Kakannin wasu ne, amma babu mai iya cewa ga nasa.

Ko a ɗan zamanin da na gani da idona abubuwa sun sauya. Ina da hotunan hawan salla na Sarkin Sudan Alhaji Sa'idu Namaska, wanda ya yi sarauta daga 1974 har rasuwarsa a watan Satumba na 2021. A lokacin da nake ɗaukarsu hotunan salla ne kawai, yanzu kuwa sun zama tarihi, kuma abin da ya sa suke da amfani shi ne kowanne yana da shekararsa a rubuce. Sannan ga matsalar tsaro. A watan Fabrairu na 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu kuma aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina, garin da muke ratsawa idan za mu Minna ko Kaduna. Akwai ƙauyukan da na shiga da kyamara hankali kwance a shekarun baya waɗanda daga bisani mutanensu suka watse. Rumbunan da na ɗauka a can ban da tabbacin suna tsaye.

Wannan hali ya sauya yadda ake kallon mai kyamara. An taɓa tsayar da ni a bakin wata kasuwar ƙauye, 'yan sa-kai suka ce in buɗe jaka. Ban ga laifinsu ba, domin mutanen da aka sha kai wa hari dole su yi zargin baƙon da ke ɗaukar hanyoyin garinsu. Babbansu ya karɓi littafin ya yi ta buɗawa, ya ga sunayen kayan saƙa da na ƙira da na noma, da sunan mai unguwar da na gaisar da safe. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe ɗalibi ne. Allah Ya ba da sa'a, amma kada ka kai magariba." Tun da abubuwa suka rikice na ɗora wa kaina ƙa'ida: ba na ɗaukar bariki ko shingen jami'an tsaro, ba na shiga ƙauye sai da ɗan gari, kuma ba na sa hoton gidan kowa a intanet. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Saboda haka idan ɗalibi ya tambaye ni wace kyamara zai saya, nakan ce ya fara da wayar da ke aljihunsa. Tecno ko Infinix ta yau ta isa ta ɗauki hoton da za a sa a kundin digiri, ga shi tana ajiye kwanan wata da kanta, tana kuma naɗar murya, wadda ita ce za ta riƙe maka karin sauti da tsawon wasali da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Abin da wayar ba za ta yi maka ba shi ne durƙusawa ka gaida tsoho, ka tambaye shi, ka saurara. Idan hutu ya zo, kowa ya duba unguwarsu: akwai masaƙi ko majemi ko mai ginin tukwane da ya rage. A ɗauki hoton kayansa da izininsa, a rubuta sunayen daga bakinsa, a wanke hoto ɗaya a kai masa. A kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗuwa, kati yana lalacewa. Da kowane ɗalibin sashen nan zai kawo hoto goma da bayaninsu a kowane zango, da cikin 'yan shekaru mun tara abin da masu ƙamus za su zo nema a wurinmu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyin da suka rufe, amin.