Viyana, daga bayan zaure

Jirgin ƙasa daga Munich zuwa Viyana yakan ci wajen awa huɗu. Yana tsayawa a Salzburg, garin da aka haifi mai tsara kiɗa Mozart a 1756, ya tsaya a Linz, sannan ya miƙe gabas. Malamar da ke koya mini gogen Turawa, wato bayolin, ita ta ɗora ni a wannan hanya. Da girmana na fara koyo, kuma wata da watanni aikina bai wuce jan baka a kan tsirkiya huɗun nan ba, ina fama kada ya karkace. Bakan izgar doki ne, ana goga masa ƙaro kamar na gogen gida, kuma wuyan kayan ba shi da wata alama da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, sai dai kunne. Ta ce kunnena ya sha simfoni a waya har ya ƙoshi, saura ido ya ga yadda ake yin sa.

Da na sauka, sai na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U4 har ƙarshensa, Heiligenstadt. A zamanin mai tsara kiɗa Beethoven ƙauye ne mai gonakin inabi, yau birni ya cinye shi. Nan ya zo neman sauƙi a 1802, lokacin da kurumta ta fara cin ƙarfinsa, ya rubuta wa ƙannensa wasiƙar da bai taɓa aikawa ba, sai bayan rasuwarsa a 1827 aka tsince ta cikin takardunsa. Gidan tarihinsa yana titin Probusgasse, da ɗan tsakar gida. Na fi daɗewa a bakin rafin Schreiberbach, inda aka sa wa wata 'yar hanya sunansa. Rafin siriri ne, yaro ma zai tsallake shi.

Da yamma layin nan dai ya mai da ni Karlsplatz, kusa da Musikverein, zauren da aka buɗe a 1870. Tikitin tsayuwa na saya, can baya, inda ɗalibai da baƙi ke cincirindo a jikin ƙarfe. Mai busa obo ya ba da amo guda, kowa ya daidaita tsirkiyarsa a kai, zaure ya yi tsit. Simfoni na shida na Beethoven za a yi, wanda aka fara kaɗawa a birnin nan ranar 22 ga Disamba 1808, dare ɗaya da na biyar.

Masu bayolin kashi biyu ne. Na farko su ke riƙe da waƙar da kowa zai tafi gida yana rerawa. Ni na biyun na zuba wa ido, domin aikinsu ba ya fitowa sosai a waya. A kashi na biyu na kiɗan, wanda ke siffanta bakin rafi, su da masu manyan goge suke ta murɗa sauti a ƙasa ba hutu, ruwan kenan, waƙar kuma tana tafe a samansa. Bakunkunansu suna hawa tare suna sauka tare, kamar mata masu lugude a turmi guda, kowa yana sauraron na kusa da shi fiye da yadda yake sauraron kansa. Wata dattijuwa a layin ƙarshe ta kama hankalina: kafaɗarta a sake, wuyan hannunta yana lanƙwasa a duk lokacin da baka ya juya, har ba a jin inda jan ƙasa ya ƙare na sama ya fara. Abin da nake yi wa gumi a ɗakina kenan kullum, ga shi ana yin sa ba tare da an ɗaure fuska ba.

Da hadari ya taso a kashi na huɗu, manyan gogen suka fara rugugi can ƙasa, sai waɗannan na biyun suka sako gajerun sautuka ɗaiɗai, yayyafin farko. Tsigar jikina ta tashi tun kafin tambura su shigo.

Ba a yin tafi tsakanin kashi da kashi, sai an kai ƙarshe. Da aka gama, jagoran makaɗan ya fara tayar da masu sarewa da obo da kilarinet, waɗanda suka yi kukan tsuntsaye, zaure ya ɗauka da sowa. Sun cancanta. Ni dai na ajiye ƙarfin tafina har aka ce masu bayolin su miƙe, dattijuwar nan ta tashi a layinta na ƙarshe, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi.