Kakin Mazan Jiya

A garuruwanmu na Makarfi, Kudan da Ikara, har yau akwai gidajen da kakin 'yan Bama ke kwance a ƙasan adaka. Baƙo ya gani ya ce tsumma ne, alhali a Ingila masu tara kayan soja da kuɗi suke nemansa.

Ba mai dabbare-dabbare ba ne, wannan daga baya ya yaɗu. Kore ne na daji. Mukan leƙa ciki, ko da tambarin kibiya da shekara, 1944 ko 1945. Amma kafaɗa ce mai ba da labari: baƙin gizo-gizo, Runduna ta 81, mashi biyu bisa gammo, ta 82. Gammo fa! Da ka kakanninmu suka yi dakon kayan yaƙin nan.

Dillalin gwanjo yakan taya. Mukan ce albarka.