Kwalba Ta Yi Kyau, Ina Shekarun?

Ni dai mai sayar da turare ne, sana'ar da na gada a wurin mahaifina, kuma a Zongon Lome aka yanke mini cibiya. A wannan wata ina so in yi muku magana a kan kwalba, domin abin da ya taɓa haɗa ni da ita ya isa a faɗa, ko Allah ya sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Kwanan baya ɗana ya karɓo mana kaya daga tashar jirgin ruwa, katan huɗu na man ud da na sandal, daga wurin wani dillali da muka daɗe muna hulɗa da shi. Da muka buɗe sai yaron ya hau murna. Kwalbar da muka sani, 'yar siririya mai marfin roba, an sake ta. Yanzu gilashi ne mai kauri da nauyi, marfi mai ruwan zinariya, kwali kuwa an shimfiɗa masa karan-miski a ciki kamar za a kwantar da jariri. Na ɗauki guda na juya ta gaba da baya ina neman abu ɗaya, wato ɗan layin nan da a da ake rubuta shekarar da aka tatsi man. Babu shi. A gurbinsa an jera kalmomin yabo da Larabci da Faransanci, wai na sarakuna ne, wai na musamman ne. Na ce wa yaron, "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Miƙo bayan hannunka."

Kafin in gaya muku abin da muka shinshina, bari in koma baya kaɗan, don ku san dalilin da ya sa ɗan layi guda ya dame ni haka.

A tsohon Zongo, can tsakiyar gari inda manyan gine-ginen bankuna suke tsaye yau, Baba yana da wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Duk lokacin da kaya suka zo, walau ta hannun alhazai masu dawowa daga Makka, walau ta Kano, sai ya ware kwalba biyu ko uku ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Ya yanki 'yar takarda ya rubuta wata da shekara da ajami, ya ɗaura da zare a wuyan kwalbar, ya naɗe ta da tsumma, ya sa a adaka ya kulle. Ko ran da babu cefane a gida ba ya taɓa su. A 1977, lokacin da gwamnati ta tashi Zongo aka mai da mu bayan gari ta wajen Agoe, kan hanyar arewa, an loda gadaje da tukwane a bayan babbar mota ko ta yaya, amma adakar nan a cinyarsa ya riƙe ta har muka isa. Ina saurayi a lokacin, na yi zaton kuɗi ne a ciki. Da na tambaye shi sai ya ce, "Abin da ke ciki ya fi kuɗi wuyar samu. Kuɗi ana iya ranto su, shekara goma ba a ranto ta."

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce mene ne haɗin turare da shekaru? To, sabon man ud yana da zafi, yana da hamamin hayaƙi da wani wari-wari kamar na fatar da ba ta gama jima ba. In aka rufe shi sosai aka ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a hankali zafin yakan kwanta, man ya yi kauri, ƙanshin ya yi taushi, ya riƙa kama tufa har bayan wanki. Haka man sandal na ainihi yake. Iyayenmu mata ma sun san wannan a humrar da suke haɗawa irin ta Barno da Chadi: ba a haɗa ta yau a shafa gobe, sai ta kwana ta tsumu, farce da sandal da sauran kayan haɗi sun saba da juna.

Me ya sa tsohon mai ya yi wuya yanzu? Dalili na farko yana daji. Ud ba kowane itace ke ba da shi ba. Wata bishiya ce da ke fitowa a Asam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indunisiya, kuma sai ta ji ciwo, cuta ta shige ta, sa'an nan take fitar da baƙin ƙaro don ta kare kanta. Wannan ƙaron da ya jiƙa cikin itacen shi ne ud, kuma a daji yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya taru. An yi ta saran bishiyoyin har suka kusa ƙarewa, shi ya sa a 1995 aka sa babbar irinta cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu barazanar ƙarewa, a 2005 kuma aka haɗa da sauran danginta. Yanzu yawancin abin da ke zuwa kasuwa na gona ne: a shuka bishiyar, a huda ta a sa mata cutar da gangan, a sare bayan 'yan shekaru. Ga kuma masu saye sun yi yawa, daga ƙasashen Larabawa har manyan kamfanonin turare na Faransa. Wanda ake jira a ƙofa da kuɗi a hannu, yaushe zai ajiye mai ya shekara goma?

Dalili na biyu yana aljihunmu. Waɗanda suka yi wayo a watan Janairu na 1994 ba za su manta da karyewar darajar sefa ba, dare ɗaya tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya ninka. Mai sayen tola guda, wato kwalba mai mililita 12, ya koma rabin tola, na rabi ya koma kwata mai mililita 3. Mu masu sayarwa kuma muka daina ajiya, domin kuɗin da za a kulle a adaka shi ne na haya da na makarantar yara. Tun daga nan kwalabe suka fara ƙara ado, abin da ke ciki yana raguwa.

Na daɗe ina tsammanin mu kaɗai ke fama da wannan, sai hira ta haɗa ni da maƙwabcina a kasuwa, wani dattijo Ba'ewe mai kantin kayan sha, wanda ke sayar wa Turawan ofisoshin jakadanci da ma'aikatan jiragen ruwa. Mu dai ba ma shan abin da yake sayarwa, shi ma ya sani, amma shekara da shekaru muna gaisawa, muna yi wa juna canji. Ya ba ni labarin wata giya ta Amurka da ake kira burbon, wadda akasari a jihar Kentaki ake yin ta. Dokarsu ta ce tilas aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi ta da shi ya zama masara, a zuba ta a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta, a ajiye. In an rubuta adadin shekaru a kwalba, to tilas ya zama na mafi ƙuruciyar abin da aka zuba a ciki. Da duniya ta yi musu caa da saye, tsohuwar ajiya ta kasa isa. Masu Elijah Craig, wadda aka sani da lamba 12 ɓaro-ɓaro a gaba, suka fara mai da lambar bayan kwalba, a 2016 suka cire ta gaba ɗaya. A shekarar nan kuma masu Knob Creek suka cire lambarsu ta 9, ba su mai da ita ba sai 2020, bayan gangunan da suka ajiye sun cika shekarunsu. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka ga masu kuɗin duniya, da injuna da jirage, amma sai da suka zauna suka jira kamar kowa." Na ce lalle, kowa ya ga an sake wa kwalba riga, ya duba abin da aka daina faɗa.

Yanzu ga inda abin ya zo kaina, kuma ba da jin daɗi nake faɗa ba. A watan Janairu na 2013 gobara ta cinye babbar kasuwar Lome, kwana kaɗan bayan ta Kara. Rabin jarina yana ajiye a shagon wani abokina a can, ya tafi. Bashi ya hau ni. A lokacin Baba ya daɗe da rasuwa, adakar tana hannuna, amma yawancin tsohon man na riga na sayar, sai kwalaben wofi da takardunsu na ajami har yanzu a wuya. Shaiɗan ya raya mini cewa mutane kwalba suke saye. Ai kowa ya san yadda ake gane Binta Sudan tun daga nesa da 'yar kwalbarsa, turaren da aka fara yi a Landan a 1920, kuma wannan sanin ne masu jabu ke ci da shi. Sai na wanke kwalaben Baba guda shida, na ɗura musu sabon mai, na bar takardun yadda suke.

Ta farko da ta zo saye wata Hajiya ce, ƙawar mahaifiyata tun tsohon Zongo, za ta aurar da jikarta. Ta ce, "Ɗana, na Malam nake so, irin wanda ya sa mini a lefen uwar yarinyar nan." Na shiga ciki na fito da kwalba da hannu biyu. Ta biya kuɗin tsohon mai ba ta nemi ragi ba. Har ta miƙe, sai ta koma ta zauna, ta buɗe ta ɗiga a bayan hannunta. Ba ta shinshina nan take ba, sai ta shiga tambayata lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har kusan rabin sa'a. Sa'an nan ta kai hannun hancinta. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce, "Rubutun Malam ne. Amma wannan man bai taɓa ganin Malam ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, ki yafe mini," na tura mata kuɗinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Man nan ba shi da laifi, yaro ne kawai. Da ka ce mini sabo ne, da na saya a kuɗin sabo, na ba yarinyar ta ajiye wa 'yarta. Abin da ka so ka sayar mini sunan ubanka ne, shi kuwa in ya ƙare ba a sake tatso shi." Ta cire takardar ajamin da hannunta ta miƙo mini, ta biya kuɗin sabon mai, ta tafi. Har ta koma ga Allah ban ji maganar a bakin kowa ba. Daren nan na juye sauran biyar ɗin, na ɗaure takardun wuri guda na mai da su adaka.

To, mu dawo kan bayan hannun ɗana. Na ɗiga masa man sabuwar kwalbar, na ce mu yi sallar la'asar tukuna. Da muka dawo ya shinshina, ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, da zafi." Na ce yauwa, hancinka ya fara aiki. Man ainihi ne, ba algus, amma bai wuce shekara guda ba, kuɗinsa kuwa ya ɗara na da, saboda gilashi da kwali mu za mu biya su. Muka yanki takarda muka liƙa wa kowace kwalba: sabon mai, da watan da ya iso hannunmu. Yaron ya ce ciniki zai ragu. Na ce zai ragu, amma wanda ya saya zai dawo.

Shawarata ga 'yan'uwa masu saye, musamman iyaye mata masu haɗa kayan aure, ita ce kada nauyin kwalba ya ruɗe ku. Ku tambayi mai kaya kai tsaye, man nan shekararsa nawa, kuma yaushe ya zo hannunka? Ku ɗiga a fata ku jira, domin ƙanshin farko kowane mai yana da shi, na bayan sa'a guda shi ne gaskiyarsa. In an ce muku tsohon ud ne na shekara ashirin amma kuɗinsa bai fi na sabo ba, ku riƙe kuɗinku. In kuwa tsohon ya gagara, ku sayi sabo mai kyau, ku toshe bakinsa, ku rubuta shekara, ku sa a ƙasan akwati nesa da rana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa kuma, daga Lome har Sokode da Dapaong, mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, ba mu da gona a nan, ba mu da ma'adini, amana ce jarinmu. In muka bari aka fara cewa kayan Zongo sai an bincika, ba mutum ɗaya zai yi asara ba.

A adakar Baba yanzu saura kwalba guda ta ainihi, takardarta ta yi ja don tsufa. Na gaya wa iyalina ba ta sayarwa ba ce, ta likkafanina ce. Kusa da ita kuma na jera sababbi uku daga kayan nan da suka zo, na juye su a kwalaben wofi marasa ado, na rubuta shekara da boko da ajami. Jikana yana aji biyu a firamare. In Allah ya raya shi ya kai aure, sun isa buɗewa.

Allah ya tsare mu da ha'inci, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya jiƙan magabatanmu. Amin. Sai wani watan in muna da rai.