Ramin takin da ya kusa haɗa ni da maƙwabci

Bara cikin watan Agusta, maƙwabcina a Bosso ya tare ni bayan Magariba ya ce, "Sakatare, ko akuya ce ta mutu a bayan gidanka?" Kunya ta rufe ni. Ba akuya ba ce, ramin takina ne.

Tsadar takin zamani ce ta sa na haƙa shi, yadda na ga mahaifina yana yi a Katsina. Na manta ruwan Minna ba irin na Katsina ba ne, nan damina har Oktoba take kaiwa. Ramin ya cika da ruwa, ɓawon doya da ragowar kayan miya suka kwanta ba iska, sai ɗoyi. Ga ɓeraye kuma, don yara na zuba sauran tuwo da ƙashin kifi.

Na kwashe shi na tara a kan tudu, na gauraya da busasshen ganyen mangwaro da garin katako, na rufe da tsohon kwano. Duk Asabar nakan juya shi da shebur. In na damƙa a hannu ruwa ya ɗiga, ya jiƙe da yawa. In ya watse kamar gari, yana son ruwa. Kafin sati biyu warin ya ɗauke. Dafaffen abinci kuwa na hana zubawa.

Da hunturu ya shigo sai ya bushe, tururuwa ta mamaye shi. Yanzu da ruwan wankin shinkafa uwargida take yayyafa masa. Alayyafon farko da muka yanka, gidan maƙwabcin nan na aika da shi.