Lamba Ba Ta Faɗin Sunanta

Marigayi mahaifinmu fataucin goro ya yi a Agege, inda Hausawa suka yawaita tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912. In ya loda kaya, sai ya aika wa dillalinsa na Kano 'yar takarda, ba kome cikinta sai lambobi uku: ta fari huhunan farin goro, ta biyu na ja, ta uku kuɗin dako. Ba ya rubuta suna, domin su biyun sun riga sun shirya a kan jerin.

Abin da ya tuna mini da takardar nan kuwa, ƙanena ne ya kwana biyu bai runtsa ba. Gyaran na'urori yake yi a Computer Village ta Ikeja, aka kawo masa allon na'urar wutar rana mai tsayawa ba dalili. Mai ita ya ce in Juma'a ta yi bai gyara ba, ya mayar da kuɗin, alhali tuni sun tafi ga haya.

Na tarar ya haɗa allon da kwamfutarsa da waya, yana tambayarsa ciwonsa ta GDB, watau manhajar farautar kuskure wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Ya ce, "Yaya, cikin ƙwaƙwalwar allon nan akwai 'yan taskoki da ake kira rajista, nan take ajiye abin da take lissafawa. In na aika mata harafin g, sai ta zubo mini abin da ke cikinsu duka a layi guda, ba suna, ba tazara."

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙwaƙwalwar ƙirar ARM ce, rajistocinta na farko 16 ne, kowace tana cin baƙaƙe 8 a saƙon. Bayansu manhajar tana sa ran tsohon jeri, mai wasu rajistoci 8 na lissafi, wannan allo kuwa ba shi da su. Saboda haka rajistar da ke faɗin halin da na'urar ke ciki ta faɗa gurbin da ba nata ba. Saƙon ya iso lafiya, har lambar tantancewa da ke ƙarshensa ta dace, amma karatunsa ya karkace.

Maganin ashe masu manhajar sun tanade shi: kafin a fara zance, allon ya miƙa takardar bayanin kansa, ya faɗi sunan kowace rajista da girmanta da matsayinta. Da ƙanena ya shirya wannan, kafin azahar ya gano inda na'urar ke tuntuɓe, ya kuwa cika alkawari.

Ni ɗan jarida ne, kullum lambobi na ratsa teburina: kasafin kuɗi, farashin hatsi, yawan ƙuri'u. Sau nawa na buga su daidai, ban gaya wa mai karatu ko wace ce ta farin goro, wace ce ta ja ba? Baba yana da dillali ɗaya da ya san jerinsa. Mu masu karatunmu dubbai ne, ba mu kuwa taɓa zama da su mun shirya ba. Wajibi ne mu riƙa sa wa kowace lamba sunanta. Allah ya sa mu gyara, amin.