Kaset ɗin Lumba a shagon Kawu

Yau 29 ga Satumba, ranar da aka haifi Charles Kwadwo Fosu a 1964, mawaƙin da duk Gana ta sani da Daddy Lumba. Tun safe hankalina yake unguwar Adabraka ta Ankara, babban birnin Gana.

A 1989 ina koyon ɗinki a shagon kawuna a can. Daga unguwar Nima nake tahowa da ƙafa, in sayi koko da ƙosai a hanya. Wata rana wani boga, wato irin waɗanda suka dawo daga Jamus da sarƙa a wuya, ya kawo a rage masa wando, ya mance kaset a kan tebur. Lumba Brothers ne, Lumba da Nana Acheampong, kundinsu na farko da suka yi a Jamus, Yeeye Aka Akwantuo Mu.

Kawu ba mai son kiɗa ba ne, rediyonsa ta labarai ce. Na jira ya tafi sallar azahar na saka. Ban ji dawowarsa ba. Sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu. Na miƙa hannu zan kashe, ya ce, "Bar shi, yaro." Ya fi ni jin Tonanci, yaren waƙar, nesa ba kusa ba. Da waƙar ta ƙare ya zauna a kan keken ɗinki, ya ce wannan ai kukan wanda ya maƙale a baƙunta ne, kamar mahaifinsa da ya baro Katsina fataucin goro da niyyar shekara ɗaya, aka binne shi a Ankara.

Daga baya na san cewa Lumba ma maraya ne, ɗan Nsuta, mahaifiyarsa malamar makaranta, kuma shi ya jagoranci mawaƙan sakandaren Juaben kafin ya tafi Jamus neman na kansa. Da waƙarsa Aben Wo Ha ta fito a 1998, ta cika motocin haya na trotro da gidajen biki, Kawu ya ce yaron ya lalace. Amma tsohon kaset ɗin bai bar aljihun teburinsa ba. In zaren ya harɗe, da kansa yake naɗe shi da biro.

Bogan bai dawo neman kayansa ba. Lumba ya rasu ranar 26 ga Yuli, 2025. Kaset ɗin yana wurina, sai dai ba ni da abin kunna shi.